Ƙofar Hagu

Ɗiyarta ce ta kira ni, ba ita ba.
Na jingine mashin gindin dogon-yaro a Bukoki,
na yi sallama sau biyu,
ɗaya aka amsa.

Armuwar ce mai ƙofa biyu, duka madubi.
Ta dama na tafiya da gurnani kamar amalanke,
ta hagu ta kafe.
Tun yaushe? na ce.
Madam Barira ta ɗaga kai tana kallon fanka.
Ɗiyar ta ce, shekara uku.

Na durƙusa.
Sana'ar nan da gwiwa ake yin ta,
kuma duk inda ka juya kai ne ke leƙen kanka.
Yau na ga sanƙona da kyau,
na ga furfurar da matata ke rantsuwa babu.

Ƙofar madubi ba a nuna mata ƙarfi.
Ɗaga ta sama kaɗan, jawo gindin wajenka,
yadda ake sauke maras lafiya daga mota.
Tanimun, riƙe can,
in ta fashe ni da kai mun bar Yamai.
Muka kwantar da ita bisa bargo,
rufin ɗaki ya sauko ƙasa, fankarsa na juyawa a ciki.

Ga tayoyin nan biyu, na roba,
faɗinsu bai wuce dala ashirin ba.
Ɗaya ta cinye gefe guda,
ɗaya gashi ya naɗe ta
har ta manta don juyawa aka yi ta.
Na aiki Tanimun Katako da samfur a aljihu:
kar ka yarda da ta farkon da za su nuna maka.

Kafin ya komo na bi kwaroron ƙasa da tsohon buroshi.
Abin da ya suɓuce wa gida nan yake taruwa,
zare, ɓawon gujiya, maɓallin riga,
rabin ƙwayar magani, allura mai tsatsa.
Can ƙarshen hagu, inda ƙarfen ya wage baki,
turnabis ya ci karo da wani abu mai tauri.
Na zaƙulo shi da awartaki.
Ɗiyar tazbaha ce, baƙa, ta lotsa a gefe.

Ita kaɗai ta tare ƙofar nan.

Na miƙa mata a tafin hannu.
Ta daɗe ba ta karɓa ba.
Sannan ta ce, talatin da biyu na tsinta ranar,
har gadon na sa aka ɗaga.

Ban tambayi wace rana ba.
Na sa katako da guduma na daidaita leɓen ƙarfen,
a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa gidan surukai.
Ɗiyar ta kawo man keke, na ce a'a,
mai ƙura yake gayyata,
ba ni guntun buji in goga.

Sabbin tayoyi suka shiga.
Sama tukuna, sannan ƙasa.
Bis ɗin gyara na murɗa rabi, na koma kwata,
har bakin ƙofa ya haɗu da bango babu tsaga.

Na tura.
Ko tari ba ta yi ba.
Ɗakin duka ya zame hagu zuwa dama,
sai ga riguna a rataye, kafaɗa kusa da kafaɗa,
hula uku, takalmi da sauran jar ƙasa a dunduniya,
da wani turare da ya gaji da jira.

Rufe, in ji ta.
Na rufe.

Ɗiyar ta ƙirgo jikka uku a zaure.
Ina ɗaure jaka bayan mashin
na ji ta tagar ɗaki,
siririyar ƙarar taya bisa ƙarfe mai santsi,
ta tafi,
ta tsaya,
ta komo.

Tanimun ya ce, ko mun bar wani bis a kwance?
Na ce hau mu tafi, aikin ya yi.